Gidan da aka hana ka sayarwa yadda kake so: naka ne ko na aro?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni da maigidana muna zaune a Silver Spring, jihar Maryland ta Amurka, shekararmu tara muna haya. Ni ina aikin kula da tsofaffi, shi kuma direba ne. Mun shiga shirin gidajen gunduma, ƙuri'a ta faɗo kanmu, za a sayar mana da gida mai ɗaki uku a kusan rabin kuɗin da maƙwabta suka sayi irinsa. Sai dai takardar ta ce har tsawon shekara 30 ba za mu sayar ba sai a farashin da hukuma ta yanke, kuma ba za mu zuba 'yan haya ba. Wan maigidana da ke Kano ya ce gidan da ba ka da ikon sayarwa ba naka ba ne, aro ne, gara mu turo kuɗin a saya mana fili a gida. Yanzu maigidan ya fara ja da baya. Wace irin doka ce wannan, kuma ka ga mu karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Gidan naku ne. Sunanku ne zai hau takardar mallaka, ku za ku biya harajinsa, ku za ku gyara rufi ranar da ya fara yoyo, 'ya'yanku za su gaje shi, kuma babu mai ƙwanƙwasa muku ƙofa ya ce wa'adi ya cika ku tashi. Babban abin da aka cire muku shi ne damar cin ribar kasuwa gaba ɗayanta ranar sayarwa. Shi ma ba ƙwace shi aka yi ba. Sayensa aka yi daga hannunku, kuɗinsa kuwa shi ne rabin farashin nan da ba za ku biya ba.

Zan fara da maganar Yaya, domin ita ce ta tsaya wa maigidanki a rai. Mallakar gida a shari'a ba dunƙulen abu ɗaya ba ce. Akwai haƙƙin zama, akwai na hana wani shiga, akwai na jingina, na bayar da haya, na sayarwa, na barin gado. Ana iya taƙaita ɗaya a bar sauran, kuma kusan duk mai gida a duniya an taƙaita masa wani abu. Filin da Yaya yake so a saya muku a Kano ma haka yake. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha a Nijeriya tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake riƙewa izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma a ƙa'ida ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna. In an bi ma'aunin Yaya, shi ma a gidan aro yake kwana. Bambancin kawai shi ne a can mun saba a yi ciniki a zaure gaban mai unguwa da shaidu, a bar maganar sa hannun gwamna sai ranar da banki ya nema. A inda kuke ba a yin haka. Sharaɗin ana rubuta shi ne a ofishin rajistar filaye na gunduma, ya manne wa gidan ba mutumin ba. Duk wanda ya zo saye, lauyansa zai gani, bankinsa zai gani, kuma ba wanda zai ba da kuɗi a kan cinikin da ya saɓa masa.

Shirin da kuka shiga, wanda ake kira MPDU, wato gidaje masu sassaucin farashi, na gundumar Montgomery ne, kuma yana cikin mafiya daɗewa a Amurka. A 1974 ya fara aiki. Gundumar tana jingine da birnin Washington, kuɗi ya yi yawa, gidaje suka yi tsadar da malaman makaranta, 'yan kwana-kwana da direbobin bas da ke yi mata aiki suka kasa zama a cikinta. Sai majalisar gunduma ta ce wa kamfanonin gini: duk wanda zai gina babban rukunin gidaje, dole ya ware wani kaso ya sayar ko ya bayar haya da rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi. A yau kason yana tsakanin kashi 12.5 da 15 cikin ɗari, a rukunin da ya kai gida 20 ko fiye. A madadin haka ana iya barin kamfanin ya ƙara yawan gidaje a filin fiye da abin da tsarin gari ya yarda da shi tun farko. Shi ya sa gidanku yake tsakiyar na masu hali, layi ɗaya, makarantar yara ɗaya, maimakon a ware ku can bayan gari.

To me ya kawo shekara 30? Kuskure ne ya koya musu. Da aka fara, wa'adin takunkumin shekara 5 ne kacal. Mutum ya samu gida da araha, ya ƙirga shekara biyar, ya sayar a farashin kasuwa, ya zuba ribar a aljihu. Ba laifinsa ba ne, ni ma da haka zan yi. Amma gidan ya fita daga hannun talaka ke nan har abada, kuma rangwamen da aka yi domin al'umma ya ƙare a kan mutum ɗaya. Aka mayar da wa'adin shekara 10 a 1981, duk da haka gidaje dubbai suka riƙa zubewa kamar ana ɗiban ruwa da kwando, ana ginawa ta gaba suna fita ta baya. Daga 2005 ne aka kai shi shekara 30 ga gidajen sayarwa, 99 ga na haya, kuma in an sayar kafin wa'adin ya cika, ƙirgen zai sake farawa daga kan sabon mai saye. Wannan gidan da ƙuri'a ta ba ku, in ba sabon gini ba ne, akwai yiwuwar ya iso gare ku ne saboda an ɗaure wanda ya riga ku da sharaɗin da kuke ƙorafi a kai.

Babban darasi a wannan fanni daga Birtaniya yake. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba masu haya a gidajen ƙananan hukumomi damar sayen gidajen da suke ciki, da rangwamen da ya fara daga kashi 33 zuwa 50 cikin ɗari, daga baya ya kai har 70 a gidajen bene. Sharaɗin da aka sa mai rauni ne: in ka sayar cikin 'yan shekarun farko ka mayar da wani ɓangare na rangwamen, bayan nan kuma ka yi yadda ka ga dama. An sayar da gidaje kusan miliyan biyu a Ingila kaɗai, ba a kuma gina madadinsu yadda ya kamata ba. Waɗanda suka saya sun ji daɗi ƙwarai, ba mai musun wannan. Amma yau a Landan kusan huɗu cikin goma na waɗannan gidajen suna hannun masu zuba 'yan haya, har akwai ƙananan hukumomin da suke biyan haya mai tsada a gidajen da su da kansu suka gina suka sayar da araha, domin su samu inda za su ajiye marasa matsuguni. Scotland ta soke tsarin a 2016, Wales ta bi ta a 2019.

Ba ma sai mun je Ingila ba. Garuruwanmu da dama suna da unguwar da ake ce wa Lokos ko gidajen Shagari, waɗanda aka gina da sunan masu ƙaramin ƙarfi. Ki tambayi Yaya su wa ke ciki yanzu, kuma nawa ake sayar da ɗaya. Lokacin da gwamnatin tarayya ta fara sayar wa ma'aikata gidajenta na Abuja a 2005, ina aikin lauya a can. Na rubuta takardun ciniki da hannuna inda ma'aikaci bai ma karɓi takardar gidan ba tukuna, wani attajiri ya riga ya biya masa kuɗin, ya ɗora masa riba, shi kuma ya kwashe iyali ya koma Mararaba ko Suleja. Shi ya samu na kashewa, ma'aikacin da aka ɗauka bayansa bai tarar da komai ba. Abin da takardarku take son hanawa ke nan.

Yanzu mu zo lissafi, domin nan ne ya kamata ku zauna da biro ke da maigida. Alƙaluman nan misali ne kawai, ki sa naku a gurbinsu. A ɗauka irin gidan a kasuwa dala 400,000 ne, ku kuma aka ba ku a 220,000. Bayan shekara goma kuka tashi sayarwa. A tsarin Montgomery, farashin da za a yanke muku shi ne abin da kuka biya, a ƙara masa gwargwadon hauhawar farashin kayayyaki na waɗannan shekarun, a ƙara kuɗin manyan gyare-gyaren da hukuma ta amince da su. In hauhawar ta taru ta kai kashi 30 cikin ɗari, gidanku ya zama 286,000. Ribarku 66,000 ke nan, ga kuma abin da kuka rage daga uwar bashin banki a shekara goma, wanda shi ma naku ne. Maƙwabcinku da ya saya a 400,000, in kasuwa ta yi kyau gidansa ya kai 600,000, ribarsa 200,000. Ranar nan zuciya za ta sosu, kada wani ya ce miki ba za ta sosu ba.

Amma ki tambayi kanki, da shi ya kamata ki auna kanki? Shi ya iya ajiye kafin alƙalamin gidan 400,000, banki ya yarda da albashinsa, ya kuma ɗauki biyan wata-wata da ya kusa ninka naku. In da kuna da wannan ƙarfin, da ba ku cancanci shiga ƙuri'ar ba tun farko. Wadda za ki auna kanki da ita ita ce ke ɗin nan ta yau, mai shekara tara tana biyan haya. Ki haɗa duk abin da kuka ba mai gida a shekara taran nan, ki faɗa min ko bulo ɗaya kuka mallaka a ciki. Sannan kowace shekara sai an turo takardar ƙarin kuɗi, ku kwana kuna tunanin ko za ku canza wa yara makaranta. Biyan bashin gida mai tsayayyen ruwa ba ya motsi shekara talatin. Kuma da zarar kun saya, ba a sake bincikar albashinku. Ko gobe kika zama cikakkiyar nas, maigida ya mallaki motoci biyar, ba mai cewa ku fita.

In kuka zauna har shekara 30 ta cika, takunkumin farashi ya faɗi, kuna iya sayarwa a kasuwa. Sai dai a cinikin farko gunduma tana karɓar rabin rarar da ta haura farashin ƙa'ida, ta zuba a asusun gina wasu gidajen. Mutane da yawa ba sa karanta wannan layin sai ranar da suka zo karɓar cak.

Akwai suka mai ƙarfi a kan irin waɗannan tsare-tsare, kuma ba zan ɓoye miki ita ba. A Amurka gida shi ne babbar dukiyar talaka da matsakaici, da shi ake biya wa yara jami'a, shi ake bar musu. Baƙaƙen fata an daɗe ana toshe musu wannan hanyar, kuma abin mamaki da irin wannan makamin aka yi: sharaɗi a takardar gida cewa kada a sayar wa baƙar fata ko Yahudawa. Sai a 1948 Kotun Ƙoli ta hana kotuna tilasta irin wannan sharaɗin, a 1968 kuma doka ta haramta wariya a harkar gidaje. Saboda haka wasu suna cewa, yanzu da aka buɗe ƙofa, sai kuma a ce wa talaka ga gida amma ban da riba? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Ni dai inda na tsaya shi ne kuɗin tallafi ba ya isar kowa. Ko dai a azurta iyali ɗaya da shi sau ɗaya, ko a sa ya riƙa ɗaukar iyali bayan iyali, kowa ya samu madaidaicin rabo. Na ga ƙarshen hanya ta farko a Abuja, shi ya sa na fi karkata ga ta biyu.

Wasu wuraren sun ɗauki wata dabara da za ta yi miki kama da abin da kika sani. Ƙungiyar amana ce take riƙe filin har abada, ta sayar wa mutum ginin kawai, ta ba shi hayar ƙasar ta shekara 99 a kan kuɗi kaɗan. Tushen abin daga jihar Georgia yake, inda a 1969 'yan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, cikinsu har da Charles Sherrod da Slater King, suka kafa New Communities a kan gona mai faɗin eka sama da 5,000, domin manoman da fararen masu gona suke kora saboda sun yi rajistar zaɓe. Fari da hana su rance suka sa gonar ta suɓuce a 1985, amma dabarar ta rayu. A 1984, lokacin Bernie Sanders yana magajin garin Burlington a jihar Vermont, birnin ya ba da dala 200,000 aka kafa irin wannan ƙungiya, wadda yau ake kira Champlain Housing Trust. A can mai sayarwa yana tafiya da kashi 25 cikin ɗari na ƙarin darajar da gidan ya yi, saura ya zauna a jikin gidan domin mai zuwa. Duk lokacin da nake yi wa mutanenmu bayanin wannan, wakafi ne yake faɗo min. Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibara, ya nemi shawarar Manzon Allah (SAW), aka ce masa ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Ba abu ɗaya ba ne da naku, domin naku ana sayarwa ana kuma gada, amma tunanin cire ƙasa daga kasuwa don amfaninta ya daɗe ba baƙo ba ne a wurinmu. Wani abin lura kuma: a ƙarshen 2010, lokacin da bankuna suke ta ƙwace gidaje a Amurka, gidajen irin waɗannan ƙungiyoyi da ke kan hanyar ƙwacewa ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, alhali a kasuwa abin ya haura kashi huɗu. Dalili a fili yake, bashinsu bai fi ƙarfinsu ba, kuma akwai mai sa ido tun kafin abu ya lalace.

Takunkumi kuma ba kowane ne yake aiki ba. Afirka ta Kudu ta raba wa talakawa gidaje kyauta bayan 1994, ta hana sayarwa har shekara 8. Amma wanda aiki ya kira shi wani gari, ko bashi ya shaƙe shi, ba ya jiran shekara takwas. Sai cinikin bayan fage ya yawaita, a karɓi kuɗi kaɗan a miƙa makulli, takarda na ɗauke da sunan wani, mai zama wani daban, in mutuwa ta zo rigima ta tashi. Singapore kuwa, inda kusan kashi 80 cikin ɗari na jama'a suke gidajen hukuma, ta ɗaure lokaci ne ba farashi ba: sai ka zauna shekara 5 kafin ka sayar, a wasu unguwanni masu tsada 10. Bayan nan kasuwa ce ke yanka, shi ya sa ake samun gidan hukuma da ya haura dalar Singapore miliyan ɗaya. Naku ya fi waɗannan biyun tsari ta fuska ɗaya: ba a hana ku fita ba ko da bayan shekara biyu ne, farashin kawai aka ɗaure, kuma tun da jerin masu jira yana da tsawo, samun mai saye ba ya wuya.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne sharaɗin zama. Dole gidan ya zama nan ne ainihin mazauninku. Akwai wani bawan Allah da ya zo ofishina, a wata gunduma da ba taku ba, riƙe da wasiƙa hannunsa yana rawa. Mahaifiyarsa ce ta kwanta ciwo a gida, ya tafi jinya da niyyar wata uku, abu ya kai shekara da wata biyu. Don kada biyan banki ya tsaya, ya sa wasu samari biyu 'yan garinsu a gidan suna ba shi wani abu duk wata. A ganinsa taimakon juna ne. Maƙwabciya ta ga baƙin fuska da baƙin motoci, ta buga waya. Wasiƙar ta nemi ya kawo shaidar zama, lasisin tuƙi, takardun wuta da ruwa, takardar haraji, ta kuma ce duk hayar da ya karɓa ba bisa ƙa'ida ba zai mayar wa hukuma. Ya riƙa ce min, "Barista, gidana ne fa, uwata ce ba lafiya." Na ce masa gaskiya ne, kuma da ka rubuta musu kafin ka hau jirgi, irin wannan uzurin ana saurarensa a ba da izini na ɗan lokaci. Mun samu ya tsira da gidan, amma kuɗin da ya biya ya fi hayar da ya karɓa ciwo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kun san a ranku cewa nan da shekara uku za ku koma gida ku bar shi yana kawo muku dala, to wannan gidan bai dace da ku ba, ku bar wa na bayanku a layi.

Sai maganar gyara. Ba duk abin da kika kashe ake mayar miki ba. Sabon rufi, na'urar ɗumama gida, gyaran ɗakin ƙasa, irin waɗannan ana iya lissafa su in suna cikin jerin da hukuma ta yarda da shi kuma kina da rasit. Fenti, labule da fitilun ƙawa kuwa don jin daɗinki kika yi. Ki samu jaka guda tun ranar farko, duk rasit da takardar izinin gini ki jefa a ciki. Na ga matar da ta kashe dala dubbai a kicin, mai aikin ɗan'uwa ne ya yi mata sauƙi ba takarda, ranar sayarwa ko sisi ba a ƙirga mata ba.

Abin da ya fi wannan haɗari, kuma takunkumin bai taɓa shi ba, shi ne kuɗin ƙungiyar masu gidajen rukunin, wanda ake biya duk wata don shara, kwashe ƙanƙara, inshorar gini da gyaran harabar. Farashin gidanku an ɗaure shi, wannan kuɗin ba a ɗaure shi ba, kuma maƙwabtanku masu hali su ne za su kaɗa ƙuri'ar ƙara shi in suna son sabon wurin ninƙaya. Kafin ku sa hannu ku nemi a nuna muku nawa ake biya yanzu, nawa aka biya shekara biyar da suka wuce, da abin da ke cikin asusun ajiyar ƙungiyar. Asusun da ba komai a ciki alama ce cewa wata rana za a aiko wa kowane gida takardar karo-karo mai nauyi.

Kada kuma ku yarda wani mai ba da rance ya ruɗe ku da cewa gidanku ya kai 600,000, ku zo ku ci bashi a kansa. Darajarsa a wurinku ita ce farashin ƙa'ida, kuma sake jingina sai da sanin gunduma. Wanda ya ci bashin da ya haura abin da zai iya sayarwa ya ɗaure kansa da igiyar da ba mai kwance masa.

Gado yana tafiya kamar na kowane gida, da bambanci biyu. Magajin da zai riƙe gidan a cikin wa'adin dole ya zauna a ciki, in ba mai zama sai a sayar ta hanyar shirin. Sannan ranar rabo, ƙimar da za a sa wa gidan ita ce ta ƙa'ida, ba abin da na maƙwabta yake yi ba. Wannan ya kamata dangi na gida su sani tun yanzu, Yaya musamman, don kada wata rana a zargi marayu ko matar mamaci da ɓoye dukiya. Ku rubuta wasiyya a hannun lauyan Maryland, domin in babu ita dokar jiha ce za ta raba, ba ta kuma san tumunin takaba ba.

Ban manta da ɓangaren addini ba, ko da ba ki tambaya ba. Malaman fiƙihu suna da dogon bayani a kan cinikin da aka gindaya wa sharaɗin hana mai saye sarrafa abin da ya saya, haka nan a kan bashin banki mai ruwa. Ku ɗauki takardar kanta, ba labarinta ba, ku kai wa malamin da ya san yadda harkar gidaje take a Amurka. In kuma ta kamfanonin da ke saye da tsarin Musulunci za ku bi, ku tambaye su tun yau ko suna karɓar gida mai irin wannan sharaɗi, domin ba kowane mai ba da kuɗi yake karɓa ba, kuma kwanakin da ake ba wanda ƙuri'a ta faɗa wa ƙidayayyu ne.

Ra'ayina, tun da kin nema: iyali mai yara a makaranta, shekara tara a gari ɗaya, aikinku a nan yake, kuma gidan kasuwa ya fi ƙarfinku, ku karɓa. Filin Kano ba ya guduwa, kuma bambancin da ke tsakanin hayar da kuke biya yanzu da abin da za ku riƙa ba banki, in akwai shi, shi ne zai saya muku filin a hankali. Abin da ba na so shi ne ku sa hannu a ranar da aka tara muku takardu tuli a kan tebur, ma'aikaciya tana nuna muku layi da ɗan yatsa tana duba agogo. Ku nemi kwafin takardar sharuɗɗan mako guda kafin ranar, ku kai wa lauya ko ɗaya daga cikin ofisoshin ba da shawara kan gidaje da ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ta amince da su, yawancinsu kyauta ne ko kuɗi kaɗan. A nuna muku da yatsa ranar da shekara 30 ɗin take fara ƙirguwa, yadda ake lissafin farashin sayarwa, wa ake fara yi wa tayi in kun tashi fita, da wanda za ku rubuta wa in tafiyar gaggawa ta kama ku. Ki sa maigida ya aika wa Yaya hoton shafin da sunayenku suke a kai, ki gaishe min da shi.